Bayan a-kori-kura ko cikin mota?

A hanyar Dawanau ko bakin kasuwar Yankaba a Kano, ba a rasa a-kori-kura da ta yi lodin buhuna, 'yan dako na zaune a saman kaya, ƙafafu na reto a waje. Dalilinsu a fili yake: kuɗin mota kaɗan ne ko ma kyauta, ga iska, ga kayanka a gaban idonka. Amfanin baya iyakarsa ke nan.

Don kaya aka ƙera wurin. Ba kujera, ba bel, ba rufi. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki wani abu, jikin mutum zai ci gaba da wannan gudun, bugun da zai sha kuwa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Ba ma sai an yi karo ba. Direba ya taka birki don kauce wa adaidaita sahu, ko ya sha kwana da ƙarfi a shataletale, sai ga mutum a kan kwalta, wata motar na tahowa a baya. In ta kife, buhunan masara ne za su danne shi.

Ciki kuwa akwai matsi da zafi, musamman a watan Afrilu, kuma wurin zaman kaɗan ne. Amma rufi da ƙofofi suna tare bugu, bel kuma yana rage haɗarin mutuwar wanda ke zaune a kujerar gaba da kusan rabi. Wanda bai samu wuri ba gara ya hau bas ya bi kayansa. Yaran da ake kwasa a baya zuwa gidan biki su ne suka fi tayar mini da hankali, domin hannunsu bai da ƙarfin riƙe ƙarfe in mota ta fizga.