AC a ƙasar sanyi: abin da muka kashe a Leeds da abin da muka samu

Da na gaya wa yayata da ke Katsina cewa mun sa AC a gidanmu na Leeds, sai ta ce, "Ke da kullum kike kukan sanyi, me ya haɗa ki da AC?" Tambayarta tana kan hanya. Yanzu na'urar ta yi damina biyu da hunturu biyu a bangonmu, don haka na ga ya dace in rubuta wa 'yan'uwa mazauna Birtaniya abin da na gani, musamman maganar kuɗi, domin a nan ne aka fi rufe wa mutum ido.

Aikin jinya nake yi, yawanci na dare, barcina da rana ne. Ɗakin kwananmu a can ƙarƙashin rufi yake, a irin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna. Ranar 19 ga Yulin 2022, ranar da zafi ya kai digiri 40.3 a ƙauyen Coningsby na Ingila, wanda ba a taɓa auna irinsa a ƙasar ba, na dawo daga aiki na kwanta, ban runtsa ba har lokacin komawa ya yi. Na san zafin Afrilu a Katsina, amma can akwai tsakar gida, akwai inuwar darbejiya, da dare a fitar da tabarma waje. Gidan Ingila kuwa an gina shi ne don ya riƙe ɗumi, kuma yana riƙewa. Ga rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, bulo ya sha zafi ya ƙoshi, ya kwana yana amayar da shi a cikin ɗaki.

Mun fara da ƙaramar nan mai taya, wadda ake zura bututunta ta taga. Ƙara ta yi mata yawa, kuma tagar da aka bari a buɗe tana maido da zafin da aka kora. Bayan shekara ɗaya muka sayar.

A farkon 2024 muka kira kamfanoni uku su zo su duba. Abin da muke so shi ne inji ɗaya a waje, kai biyu masu hura iska a ciki, ɗaya a ɗakin sama ɗaya a falo. Na falon kilowat 3.5 ne, wato wanda a kasuwannin gida ake kira mai doki ɗaya da rabi. Farashin da suka bayar ya kama daga fam 3,300 zuwa 4,600. Muka ɗauki na tsakiya, fam 3,700, saboda shi kaɗai ne ya hau sama ya auna ɗakin, ya tambayi inda rana ke bugawa. Sauran biyun daga ƙofar falo suka yanke kuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da maigida ya duba kuɗin na'urar ita kaɗai a intanet, bai kai rabin abin da muka biya ba. Sauran duk ladan aiki ne da bututun jan ƙarfe da murfinsa da maƙalar bango. A gida mutum zai sayi AC da safe, ya kira mai haɗawa, kafin la'asar ɗaki ya yi sanyi, ladan kuma bai taka kara ya karya ba. A nan doka ta hana kowa taɓa iskar gas ɗin da ke cikin na'urar, irin R32 da tamu ke amfani da ita, sai mai takardar shedar F-gas. Maigida ya so ya sayo da kansa ya nemi mai haɗawa, na ce, "Baban yara, in ta lalace wa za mu kama?" Da ya bincika ya tarar da yawa daga masu takardar ba sa son haɗa kayan da ba ta hannunsu aka saya ba, garantin ma yana iya tashi a banza.

Fam 3,700 ɗin nan kuma ba shi ne ƙarshe ba, kuma nan ne nake da ƙorafi. Sai ranar aiki aka gaya mana cewa injin waje yana buƙatar layin wuta nasa daga akwatin fis, kuma ba ya cikin lissafi. Mai gyaran wuta ya karɓi fam 280. Aka kuma ce ruwan da kan sama ke tarawa ba zai gangara da kansa ba, sai an sa ɗan famfo, fam 120. Wanda ya hau ya auna ɗakin ya ga akwatin fis ɗin da idonsa, ya san inda bututu zai bi. Da ya faɗa tun farko da ba mu ji ciwo ba. Duk wanda zai yi wannan aiki ya sa a rubuta masa a takarda cewa wuta da hanyar ruwa suna ciki ko ba sa ciki.

Sai izinin ƙaramar hukuma. A lokacin, sassaucin da ya bari a kafa irin waɗannan injuna a Ingila ba tare da neman izini ba bai shafi wanda ake sanyaya ɗaki da shi ba, sai mai ɗumamawa zalla. Muka cika takarda, muka biya fam 258, muka jira wajen mako takwas. A watan Mayun 2025 an sassauta dokar, har an cire sharaɗin tazarar mita ɗaya daga iyakar maƙwabci, don haka mai gida irin namu a yau yana iya tsallake wannan. Mai zaman haya ko mai bene na haɗaka kuwa sai da yardar mai ginin. Jimilla dai mun kashe fam 4,358. Abin da ya rage mana zafi shi ne ba mu biya harajin VAT ba, domin tun Afrilun 2022 aka cire shi a kan irin wannan na'ura idan kafaffiya ce mai iya ɗumama gida, har zuwa ƙarshen Maris 2027. Tallafin fam 7,500 da gwamnati ke bayarwa kuwa bai same mu ba, na injuna masu ɗumama ruwan radiyeta ne, wato ƙarafan bango da ruwan zafi ke bi ta ciki su ɗumama ɗaki.

To, ta biya kuɗinta? Idan don sanyi kaɗai ne, a'a. A 2024 kwana goma sha ɗaya kacal na kunna ta don sanyaya ɗaki, domin shekarar ba a yi wani zafi ba. A 2025, wadda hukumar yanayi ta ce ba a taɓa yin lokacin zafi mai ɗumi irin nata ba, na kunna kusan kwana arba'in. Wutar da take ci ba ta da yawa, barcin awa shida bai kai fam ɗaya ba. Amma a raba fam dubu huɗu da ɗoriya a kan kwana hamsin a ga abin da kowane barci ya ci.

Inda ta fanshi kanta shi ne hunturu, abin da ban sa a lissafi ba sam. Na'urar tana juyawa ta jawo ɗumi daga iskar waje ta turo ciki, ko da a waje ana ƙanƙara. Yunit ɗaya na wuta yana ba da ɗumin yunit uku zuwa huɗu. Sai dai a ƙarshen 2024 yunit ɗin wuta yana wajen kwabo 24 da rabi, na gas kwabo 6 da 'yan kai, wato ninki huɗu. Don haka idan aka gwada ɗumi da ɗumi, kusan kunnen doki suke yi da boila, wato tukunyar gas mai ɗumama gida da ruwan wanka. Ribar tana wani wuri: da na dawo ƙarfe takwas na safe, yara sun tafi makaranta, ba sai na kunna boila ta ɗumama gida gaba ɗaya don mutum ɗaya ba. Ɗaki ɗaya nake kunnawa, cikin minti goma ya yi ɗumi. A Oktoba da Nuwamba da Maris da wuya mu taɓa boila sai don ruwan wanka, wanda AC ba ta bayarwa. Kuɗin wuta ya hau, na gas ya sauka, in aka haɗa muna rage wajen fam ashirin a wata a lokacin sanyi. Duba na'urar da ake yi sau ɗaya a shekara, fam 110, yana cinye mafi yawan wannan.

Akwai wani amfani da duk macen da ta taɓa shanya a cikin ɗaki a ƙasar nan za ta gane. Tana tsotse danshi. Kayan makaranta da a da suke kwana biyu a kan radiyeta suna wari, yanzu kafin safe sun bushe, baƙin funfunan da ke fitowa a gefen tagar sama ma ya ragu ƙwarai.

Tana da halayenta. Idan sanyi ya sauko kusa da sifili kuma akwai hazo, ƙanƙara tana kama injin waje, sai ta dakata da hura ɗumi na minti biyar zuwa goma tana narkar da ita. Ranar farko na ɗauka lalacewa ta yi. Ruwan da ya narke yana zuba a ƙasa ya sake daskarewa, sai da muka sa tire da bututu don kada wani ya zame a bayan gida. Iskarta kuma busasshiya ce, tana tuna mini da hunturun gida, leɓe ya tsage, sai da man kaɗanya. Ƙara kam babu. Maƙwabciyarmu, dattijuwa ce Baturiya, ta damu kafin a sa, daga baya ta ce sai ta tsaya kusa da katanga take ji.

Da za a maido ni 2024, kai ɗaya zan sa, a ɗakin sama kawai. Na falon ba mu cika buƙatarsa ba, ƙasa ba ta zafi kamar sama, kuma da mun rage fiye da fam dubu. Wanda ke kwana a hawa na ƙasa, yana aikin rana, fanka mai kyau da labule mai kauri sun ishe shi. Mai aikin dare irina, ko mai jariri ko tsoho a ɗakin ƙarƙashin rufi, ya kira masu aunawa tun Fabrairu. Da zafi ya shigo, mutumin da ya yi mana aiki ya ce layinsa yakan kai mako shida.