Sharhi: rigar sojan kakkaɓo jirage ta 1943 da bajoji uku daga wani dillalin Ingila

Kaya huɗu na saya a hannun dillali ɗaya, wani mai shagon tsofaffin kayan soja a Ingila da ke ciniki ta intanet. Akwai rigar kaki ta ulu ta sojan igwa na Birtaniya, da bajon hula na tagulla, da ƙyallen tambarin runduna ta biyu ta masu kakkaɓo jiragen sama, sai bajon bishiyar kwakwa na rundunar RWAFF, wato rundunar sojan Birtaniya ta Afirka ta Yamma, wadda kakanninmu suka yi wa aiki. Uku daga ciki sun cika abin da aka rubuta a kansu. Na huɗun ne ya sa ba zan ce wa kowa ya biya kuɗi ba tare da ya yi tambaya ba.

Rigar ce ta ci mafi yawan kuɗin, kuma ta cancanta. Irin gajeriyar rigar yaƙin nan ce mai tsayawa a ƙugu, samfurin da ake kira na 1940, wanda aka rage wa ado saboda tsimin yadi a tsakiyar yaƙi: maɓallan a fili suke ba a rufe su da yadi ba, aljihunan ƙirji kuma ba su da ninki. A ciki akwai farin ƙyallen masana'anta da ke nuna girma da shekarar 1943. Kusa da shi ga hatimin Ma'aikatar Yaƙi mai alamar kan kibiya da harafin N, wanda shi ne harafin masu duba kaya na wannan shekarar. Shekara da harafi sun dace da juna, kuma abin da na fara dubawa ke nan tun a hoto. Dillalin ya ɗauki hoton ƙyallen a kusa ba sai na roƙa ba. Ya kuma nuna ramukan asu guda biyu a ƙarƙashin hammata ta hagu, ya ambace su a rubuce. Da rigar ta iso ban samu wani lahani da ya wuce waɗannan ba.

Abin da ya ja ni ga rigar shi ne hannayenta. A saman kowane hannu akwai rubutun Royal Artillery da jan zare a kan shuɗi mai duhu. Ƙasa da shi ga jan ƙyalle mai kusurwa huɗu ɗauke da baƙin baka, an ɗana kibiya tana kallon sama. Wannan ne tambarin babbar rundunar tsaron sararin samaniyar Birtaniya, wadda aka kafa ranar 1 ga Afrilu 1939, Janar Frederick Pile kuma ya riƙe ta tun daga Yulin wannan shekara har 1945. Sai siririn ƙyallen ja da shuɗi na sojan igwa, sai igiya biyu ta kofur, ga kuma farar igiyar kafaɗa a dama.

A nan ne tarihi ke zama ma'aunin mai saye. Kafin kakar 1942, rundunar ta kasu gida goma sha biyu, kowane gida da tambarinsa. A ƙarshen Satumbar 1942 aka rushe wannan tsari, aka koma rukuni-rukuni, bakan da kibiyar suka zama tambarin kowa. Don haka rigar da aka ɗinka a 1943 mai ɗauke da baka da kibiya ta yi daidai da zamaninta. Da na ga tambarin ɗaya daga cikin tsofaffin rundunonin nan a jikinta, da sai in yi zargin wani ne ya liƙa daga baya don ya ƙara mata farashi. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a kasuwar: a samo tsohuwar riga mara komai, a samo bajoji na gaske daban, a haɗa su da dare ɗaya. Na juya hannun rigar na duba ɗinkin. Ɗinkin hannu ne da zaren auduga, ba a miƙe sosai ba, irin na soja da allurarsa a bariki. Da na ɗaga gefen ƙyallen kaɗan, ulun da ke ƙarƙashi ya fi na waje duhu, alamar ya daɗe a rufe rana ba ta taɓa shi. Na haska fitilar duba jabun kuɗi a kan zaren, bai yi ƙyalli ba, alhali zaren zamani da aka sa wa sinadarin ƙara fari yakan yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa hujja shi kaɗai, amma da suka taru hankalina ya kwanta.

Abu ɗaya da ya ƙara mini yarda da mutumin shi ne maganar farar igiyar kafaɗar. Shi da kansa ya rubuta cewa ba tare da rigar ta zo ba, shi ya ƙara ta don ta cika. Ba kowane dillali ke faɗin irin wannan ba.

Wani zai ce mene ne abin so a rigar kofur da babu wanda ya san sunansa. Ni dai waɗannan mutane suna burge ni ne saboda aikinsu sabo ne fil a duniya. Lokacin da jiragen Zeppelin na Jamus, manyan jirage masu kama da balan-balan, suka fara jefa bom a Ingila a Janairun 1915, suka iso Landan a ƙarshen Mayu, babu wanda ya ƙware wajen harbin abin da ke tafiya a sama cikin dare. Sojojin ruwa ne suka fara riƙe tsaron Landan, kafin a miƙa wa sojan ƙasa a 1916. A daren 31 ga Maris na wannan shekarar igwa ta sami Zeppelin mai lamba L15, ya faɗa ruwa kusa da bakin kogin Thames, magajin garin Landan Sir Charles Wakefield kuma ya raba wa masu igwa da masu fitila lambobin zinariya. Lambobin nan su ne burin duk mai tara kayan wannan fanni, farashinsu kuwa ya fi ƙarfin aljihuna nesa. Zuwa yaƙi na biyu aikin ya zama na lissafi: igwa mai baki inci 3.7 don jirgin da ya yi nisa, Bofors mai milimita 40 don wanda ya sauko, na'urar auna tsawo, da rada. Daga Agustan 1941 mata na ATS, rundunar mata ta sojan ƙasa na Birtaniya, suka shiga, aka fara da sansanin Richmond Park. Su ke riƙe na'urorin, amma ba a ba su izinin harba igwar ba. 'Yar Firayim Minista Churchill, Mary, tana cikinsu.

Bajon hular ba shi da dogon labari. Igwa ce ta tagulla, da kalmar Ubique a sama, da kambin sarki irin na kafin 1953. Bayansa ya fito da zanen gaba sarai, alamar bugun inji ne. Ba a goge shi ba, kuma na gode wa Allah da hakan, don mai gogewa yakan cinye ƙananan zane.

Ƙyallen runduna ta biyu kuwa shi ne mafi kyan gani a cikinsu: jar mayya a kan tsintsiya tana keta shuɗin sama. An kafa rundunar a Disambar 1936 don kare tsakiya da arewacin Ingila, shekara guda bayan ta farko mai tsaron Landan. An fi kwaikwayon wannan tambari saboda masu so suna da yawa. Nawa saƙar zare ne a kan ulu, da guntayen tsohon ɗinki a gefensa inda aka ɓalle shi daga riga. Na ajiye shi daban, ba zan taɓa ɗora shi a rigar 1943 ba.

Yanzu ga inda muka saɓa. Dillalin ya tallata bajon kwakwar da cewa na sojojin kakkaɓo jirage ne na Afirka ta Yamma, ya kuma sa masa farashin da ya ninka na irinsa. Sojojin nan sun wanzu, ba ƙirƙira ba ce. Daga Satumbar 1940 ana harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi da ke Gwalkwas, wato Ghana ta yau, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa Hartum da Alƙahira. Tashar jiragen ruwa ta Freetown kuma matattarar ayarin jirage ce. Dole aka tsare waɗannan wurare, kuma barazanar ta gaske ce, domin a Janairun 1942 jirgin Jamus guda ɗaya ya keta Sahara ya jefa bom a Fort Lamy, wato Injamena ta yau, ya ƙona ma'ajiyar mai. An horar da 'yan Afirka ta Yamma a kan manyan igwogi da ƙanana, har aka kai birged ta 14 ta masu kakkaɓo jirage Indiya a 1943. Runduna ta 81 mai tambarin baƙin gizo-gizo da ta 82 mai mashi biyu da gammo, waɗanda suka yi yaƙin Boma, su ma sun tafi da ƙananan igwoginsu na sama. Saboda waɗannan mutane na sayi bajon, don ba kasafai ake ambatonsu a shagunan Turai ba.

Sai dai bishiyar kwakwa tambarin RWAFF ne gaba ɗaya. Sojan ƙasa na rejimantin Najeriya ya sa ta, na Gwalkwas ya sa, na Saliyo da Gambiya sun sa. Babu lamba, babu harafi, babu takarda da ta haɗa wannan bajo da igwar sama. Na rubuta na tambaye shi hujja, ya amsa da cewa a cikin akwati ɗaya ya same shi da kayan wani hafsan igwa. Zama a akwati ɗaya ba dangantaka ba ce. Bajon kansa tsoho ne, ban yi shakkar wannan ba. Zubi ne mai ɗan kaushi a baya, kuma an yi irin wannan zubin a lokacin yaƙi a wuraren da kaya daga Ingila ba sa isa da sauƙi. Abin da ya ɓata mini rai shi ne mutumin da ya ƙirga ramukan asu a rigar Bature, ya faɗi gaskiya a kan igiyar kafaɗa, da ya zo kan kayan sojan Afirka sai ya wadatu da ƙila-wa-ƙala. Duk wanda ya sayi wannan bajo ya rubuta masa wannan bayani a ƙasa, daga nan kuskuren zai wuce hannu zuwa hannu har ya zama kamar tarihi. In yi masa adalci, bai yi musu ba. Ya ba ni zaɓi in mayar ko ya rage kuɗin, na zaɓi ragi, kuma kuɗin ya dawo ba jan rai.

Ta fuskar aike ba ni da ƙorafi. An naɗe rigar da takarda mara sinadari, kowane bajo a 'yar jakarsa, akwatin kuma mai kauri ne. Kuɗin aiken yana da zafi, ya fi dacewa a tara kaya a aiko su lokaci ɗaya. Na sa ya rubuta a takardar kaya cewa tsofaffin kayan tarihi ne na ajiya, da shekararsu, kuma ina ba duk mai saye daga nan shawarar ya yi haka. Dokar Najeriya ta hana farar hula sanya kakin soja, don haka rigar ta ajiya ce, ba ta sawa ba ko da don hoto. Ulu mai shekara tamanin ba ya son yanayinmu. Ƙurar hunturu tana shiga saƙarsa, danshin damina yana kawo fumfuna, asu kuma ba ya hutawa. Tawa tana kwance a akwati cikin farin zanen auduga, ba a rataye ba don kada kafaɗun su saki, kafur yana gefe ba ya taɓa yadin, ba ta kuma ganin rana.

Zan sake saye a wurinsa in dai kayan Birtaniya ne, don a nan ya san aikinsa, hotunansa kuma ba sa ɓoye aibi. Kayan RWAFF kuwa sai na ga suna, ko lambar soja, ko littafin sallama tare da su. Akwai wani bajon kwakwar na biyu a shagonsa mai ɗauke da irin wancan bayani, na rubuta masa a kansa, har zuwa yau da nake wannan rubutu bai gyara ba.