Wane gilashin kyamara za ka saya kafin ka je ɗaukar giwa a Yankari?

Samari masu sha'awar hoto sukan tare ni da tambaya guda: "Malam, wane gilashi ne ya fi jawo abu daga nesa?" Tambayar tana da gyara. Giwa ba tsuntsu ba ce. A gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ruwan daji ya ƙafe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji, garke na iya ɓullo maka daga cikin kurmi, motarku na tsaye, tsakaninku bai fi taku arba'in ba. A nan mai dogon gilashi yake rasa abin yi, domin kunne kaɗai zai cika masa hoto. Bayan minti biyar kuma sai ga gwanki can nesa a fili. Abin da kake bukata gilashi ne mai ja da sakewa cikin sauri.

Shi ya sa ban ɓoye zaɓina ba: Canon EF 100-400mm f/4.5-5.6L IS II, wanda ya fito a 2014. A 100 za ka ɗauki uwa da ɗanta tare da bishiyar da suke karya. Ka murɗa zuwa 400, sai ga gashin idon giwa, da tsagar fatar hancinta, da busasshen taɓon da ya kwanta a gindin haure. In kyamararka ta Canon mai ƙaramin faranti ce (faranti shi ne abin da ke kama hoto a cikin kyamara), irin su 80D ko 90D, wannan 400 ɗin aikin 640 yake yi, wanda ya isa har ɓauna mai tsoron mota. Nauyinsa bai kai kilo biyu ba, ana iya riƙe shi da hannu tun fitar safe har dawowa sansanin Wikki. Yana da na'urar rage rawar hannu, abin da ba a raina shi a motar da mutum goma ke motsi a ciki, kowa na miƙa wuya. An kuma toshe shi yadda ƙura ba ta shiga da sauƙi, wanda ya san hazon hunturun Alkaleri, ƙaramar hukumar da Yankari take ciki, ya san darajar wannan. Har yana kama abu a ƙasa da mita ɗaya, don haka in giwa ta ƙi fitowa, birai na nan a Wikki, su da suke zuwa har kan teburin mutum. Tsada kam akwai shi, ba na musu.

Sigma 150-600mm Contemporary ya fi araha, ya fi nisa, masu ɗaukar tsuntsaye suna yabonsa. Amma daga 150 yake farawa, kuma yana neman haske sosai, alhali giwa da sassafe ko gab da magariba ta fi fitowa. Nikon 200-500mm ya zarce kilo biyu, kafaɗa ce ke biyan kuɗinsa. Nikon P1000 mai kai wa 3000mm abin burgewa ne a shago, farantinsa dai ƙarami ne, rana na yin sanyi hoton ya dagule. Canon 75-300mm da ake haɗawa da kyamara kyauta, bar shi wa bikin suna. Gilashin da ake maƙala wa waya kuwa, wasan yara.

To, ga inda aka ci ni. Yawancinmu na hannu muke saya, kuma nan ne 'yan damfara suka yi sheƙa. Wannan 100-400 iri biyu ne. Na farkon, na 1998, turawa ake yi a jawo kamar famfon keke. Na biyun murɗawa ake yi, kuma da alamar II a jikinsa. Akwai masu sa maka hoton na biyu a WhatsApp, ka tura kuɗi, direban tasha ya kawo maka na farko. Kada ka biya sai ka riƙe shi a hannu.

In ka riƙe, cire murafensa biyu, ka haska tocilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba. Idan ka ga wani fari-fari kamar yanar gizo-gizo a ciki, funfuna ce, wadda laimar damina ke haifarwa, kuma tana cin fuskar gilashin. Na taɓa sayen irinsa a wani shago da ba zan faɗi sunansa ba. Mai shagon ya rantse mini ƙura ce, za a hure. Duk hoton da na ɗauka rana na gabana sai ya fito kamar an shafa masa man shanu. Da na mayar, sai ya ce ai a hannuna ta kama.

Wannan ma da sauƙi a kan katin memori. An rubuta 128GB a jikinsa, kwali mai kyau, farashi rabin na kasuwa, ni kuma na ga banza. Ran nan garke ya tsallaka hanya a gabanmu, wata babba ta tsaya ta buɗe kunnuwa tana kallonmu, direba ya kashe inji, jagoranmu yana raɗa "kowa ya yi shiru". Na ɗauka har yatsana ya gaji. Da dare na sa katin a kwamfuta, hotunan farko kawai suka buɗe, sauran sunaye ne babu komai a ciki. Jabun kati ƙaramin ciki gare shi, an dai yi masa dabara yana nuna babba. Akwai manhaja ta kyauta, H2testw, da ke cika katin ta karanta shi, ta faɗa maka gaskiyar cikinsa. Ka gwada a gida tun kafin ka kama hanyar Dindima, garin da ake ratsewa zuwa Yankari. Batir ma haka, jabu yana nuna cike, hoto kaɗan ya mutu, wani har kumbura yake a cikin kyamara. Ka sayi biyu na asali ko da za ka rage wani abu.

Ƙafar kyamara kuma kada ka wahalar da kanka, babu wurin kafa ta a motar shiga daji. Ni tela na sa ya ɗinka mini 'yar jaka, na zuba mudu ɗaya na gero, ina ɗora ta a kan ƙarfen mota in kwantar da gilashin a kai. Sai dai ka ɓoye ta in kun dawo Wikki, ta farkon da na yi birai ne suka yage ta a kan bonet.