Sharhi Kan Shafin FreeREG Mai Kwafe Rajistocin Cocin Ƙauyukan Ingila

FreeREG shafi ne na intanet da wata ƙungiyar taimakon jama'a mai suna Free UK Genealogy ke gudanarwa a Birtaniya, aikinsa kuwa shi ne kwafe tsofaffin rajistocin coci, na baftisma da ɗaurin aure da jana'iza, domin duk mai bukata ya bincika ba tare da ya biya ko kwabo ba. 'Yan sa-kai ne ke yin aikin daga gidajensu, suna karanta hotunan tsofaffin shafuka suna shigar da abin da suka gani cikin kwamfuta, kuma zuwa yanzu bayanan da suka tara sun kai gomman miliyoyi. Ƙungiyar tana da wasu shafuka biyu, wato FreeBMD mai ɗauke da jerin haihuwa da aure da mutuwa da hukuma ta fara rubutawa a 1837, da FreeCEN mai ɗauke da ƙidayar jama'a ta ƙarni na 19. A ganina FreeREG ya yi wa mai neman asalin zuri'arsa, amma wanda yake son tarihin ƙauye ɗungurungum zai sami rabin biyan bukata ne kawai.

Amfani da shi ba shi da wuya, domin ba a neman mutum ya buɗe asusu. Ana rubuta sunan dangi da sunan yanka, a zaɓi lardi, a ƙayyade shekarun da ake so, sannan a faɗi ko baftisma ake nema ko aure ko jana'iza. Idan an zaɓi lardi ɗaya, ana iya taƙaita binciken ga ƙauye guda, ko a haɗa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi, wanda abu ne mai amfani ƙwarai saboda manoman da ke ƙodago a gonakin wasu sukan ƙaura daga wannan gundumar coci zuwa waccan. Akwai kuma zaɓin neman sunaye masu kama da juna a furuci, kuma ina ba da shawarar a riƙa kunna shi, tunda limamin coci ko magatakardansa yakan rubuta suna ne yadda kunnensa ya ji, har a sami mutum ɗaya da rubutun suna iri uku a rajista ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar masu kwafen: inda harafi ya goge ko tawada ta cinye takarda, ba sa cikawa da hasashe, sai su sa wata alama da ke nuna cewa wurin bai karantu ba.

Sai dai mai bincike ba zai fahimci abin da shafin ya fito masa da shi ba sai ya san dokokin da suka haifar da rajistocin, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi zargin shafin da laifin da ba nasa ba. A 1538 ne Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni cewa kowace gundumar coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, a kuma ajiye littafin cikin akwati mai makullai biyu. Da yake a takarda aka fara rubutun, danshi da ɓeraye sun lalata da yawa, shi ya sa a ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya aka umarci a kwafe su a kan fata, a kuma riƙa aika wa bishop, wato shugaban limaman yankin, kwafi duk shekara. Limamai da dama sun fara kwafen ne daga 1558, shekarar da sarauniyar ta hau gadon mulki, saboda haka idan mutum ya ga rajistar ƙauye ta fara daga wannan shekara, ba gazawar 'yan sa-kai ba ce. Haka nan giɓin da ake yawan samu a shekarun 1640 da 1650 ya samo asali ne daga yaƙin basasar Ingila, lokacin da aka kori limamai da dama daga cocinsu, har a 1653 aka ɗanka aikin rajistar a hannun wani jami'i da masu biyan haraji suka zaɓa.

Yawan bayanin da za a samu ma ya danganta da zamani. Rajistar ƙarni na 16 ko na 17 takan ba da sunan jariri da na mahaifinsa da rana kawai, sau da yawa ba sunan uwa, wani lokaci kuma cikin Latin, inda William ke zama Gulielmus, James kuma Jacobus. Bayan dokar aure da ake kira dokar Hardwicke ta fara aiki a 1754, aka ware wa aure littafi na musamman mai ɗauke da sa hannun ango da amarya da shaidu, wanda bai iya rubutu ba kuma ya yi alama. Shafin yana ba da damar neman mutum cikin shaidu, hanyar da kan tono 'yan uwan amarya da ba za a gano su ta wata fuska ba. Daga 1813, bisa dokar rajistar coci ta 1812 da ake kira dokar Rose, aka koma bugaggun littattafai masu gurbin sana'ar uba da mazauninsa, da shekarun mamaci. Wanda zuri'arsa ta fito daga wasu sassan Yorkshire ya taki sa'a, domin tun daga shekarun 1770 an bi tsarin wani limami mai suna William Dade a can, inda ake rubuta har sunayen kakanni. Wani tarko da ya kamata a kiyaye shi ne na kalanda: kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka jaririn da aka rubuta an yi masa baftisma a Fabrairun 1700, a lissafinmu na yau 1701 ce. Maganin abin shi ne a faɗaɗa shekarun da ake nema gaba da baya.

Babban rauninsa a wajen mai nazarin ƙauye shi ne an gina shi a kan neman suna, kuma ba ya nuna hoton ainihin shafin rajistar. Ƙauyen Eyam da ke lardin Derbyshire misali ne mai kyau na abin da ke salwanta ta wannan hanya. An binne George Viccars, mai taimaka wa wani tela, ranar 7 ga Satumba 1665, shi ne mutum na farko da annoba ta kashe a ƙauyen, kuma kafin ta lafa a ƙarshen 1666 ta yi ajalin mutum kusan 260, bayan limaminsu William Mompesson da tsohon limami Thomas Stanley sun shawo kan jama'a su killace kansu don kada cutar ta yaɗu. A cikin kwana takwas na watan Agustan 1666, Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida. Wanda ya buɗe littafin jana'iza irin wannan zai ga yadda sunaye suka cunkushe a wata guda, da yadda gida ɗaya ke maimaituwa layi bayan layi, ya kuma kwatanta da shekarun da suka gabata inda ake binne mutane ƙalilan. Akwatin neman suna kuwa iyali ɗaya zai fito da shi a lokaci guda, sai mai binciken ya yi ta haɗa gutsattsari da kansa kafin ya gane cewa masifa ce ta auka wa gari. Haka kuma 'yan rubuce-rubucen gefen shafi, irin su alamar rantsuwar cewa an yi wa mamaci likkafani da ulu kamar yadda dokar 1678 ta tilasta domin kare kasuwar ulun ƙasar, ana ganinsu ne kawai idan mai kwafen ya shigar da su a gurbin ƙarin bayani.

Ya kamata a kuma sani cewa rajista ɓangare ɗaya ce ta abin da ke cikin akwatin coci. Akwai lissafin kuɗin masu kula da ginin coci, da na masu kula da matalauta ƙarƙashin dokar 1601, da takardun tambayoyin da ake yi wa baƙo domin a tantance gundumar da nauyin ciyar da shi ya rataya a kanta bisa dokar 1662, da taswirorin gonaki da aka zana bayan dokar ushirin coci ta 1836, waɗanda ke nuna mai kowace gona da wanda ke noma ta. Waɗannan ne ke bayyana wanda ke da ƙasa da wanda ke karɓar tallafi, kuma ba su cikin aikin da FreeREG ya ɗaukar wa kansa. Galibinsu suna ma'adanar takardun tarihi ta kowane lardi, kamar ta Derbyshire da ke garin Matlock, musamman tun bayan dokar coci ta 1978 da ta sa aka kwashe yawancin tsofaffin littattafai daga ƙauyuka zuwa inda za a fi kula da su.

Tun da aikin na sa-kai ne, bai game ƙasar daidai wa daida ba. Wani lardin an kwafe shi sosai, wani kuma ƙauyuka ƙalilan ne, har a ƙauye ɗaya ma ana iya samun aure babu jana'iza. Shafin bai ɓoye wannan ba, domin yana da sashen da ke nuna cocin da aka kwafe da shekarun da aka kai, kuma can ya dace a fara leƙawa kafin a yanke hukuncin cewa wane bai taɓa zama a ƙauyen ba. Kamfanoni irin su Ancestry da Findmypast suna da hotunan rajistocin larduna da dama, amma sai an biya kuɗin shiga, FamilySearch kuma kyauta ne amma sai an buɗe asusu. Ɗalibin tarihi da aljihunsa ba shi da nauyi zai fi cin riba idan ya fara da FreeREG ya samo rana da sunan coci, sannan ya nemi hoton wannan shafin a ɗaya daga cikin waɗancan, ko ya rubuta wa ma'adanar lardin ya nemi kwafi.