Rangadin ɗalibai zuwa gidan tarihi da Gawi: jagora ya iya labari, amma bai amsa tambayar aiki ba

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a nan Njamena yana shirya wa ɗaliban sakandare rangadin wuni guda, da nufin farfaɗo da sha'awarsu ga ilimin tono kayan tarihi, fannin da 'ya'yanmu ke ƙaurace masa idan sun ci jarrabawar bakaloriya, suna rububin likitanci da lauyanci da aikin man fetur. Na raka ɗiyar ƙanwata da 'yan ajinsu, kuma ga abin da na gani.

An fara da Gidan Tarihi na Ƙasa, kuma a nan jagoran ya nuna ya san aikinsa. Da muka tsaya gaban ƙoƙon kan Tumai, wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da ɗan Adam, wanda aka tsinta a hamadar Jurab a 2001 kuma aka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7, bai tsaya ga sunan Michel Brunet, Bafaranshen da ya jagoranci tawagar ba. Ya jaddada cewa matashin ɗan Chadi, Ahounta Djimdoumalbaye, shi ne ya fara ganinsa cikin rairayi. Yaran da ke ta latse-latsen waya sai ga su sun matso. Haka ya yi a gaban manyan tulunan da mutanen Sao, tsohuwar al'ummar yankin Tafkin Chadi, ke binne mamatansu a ciki, ya nuna kaurin bakin tulun da zanen da ke jikinsa, sa'an nan da muka isa Gawi, kusa da Njamena, ya haɗa su da matan Kotoko da har yanzu ke ginin tukwane a garin.

Motar ta makara, ruwan sha kuma bai wadatar ba, abin da bai kamata ba a zafin garin nan, ko da yake kuɗin da suka karɓa bai yi yawa ba.

Babban aibun yana wani wuri dabam. Wata yarinya ta ce, "Malam, idan na karanta wannan, wa zai ɗauke ni aiki?" Sai ya ɓige da wa'azin kishin ƙasa, alhali amsa tana nan: lokacin shimfiɗa bututun mai daga Doba zuwa Kribi, wanda ya fara aiki a 2003, masana tono kayan tarihi na Chadi da Kamaru sun bi layin suna ceto wuraren tarihi, kuma zanen duwatsun Ennedi da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016 suna buƙatar masu kula da su. Guraben ba su da yawa, gaskiya ne, amma ɗalibar da iyayenta za su biya mata kuɗin jami'a ta cancanci a faɗa mata su ɗaya bayan ɗaya.

Ina ba makarantu shawarar su yi rajista, amma su nemi kamfanin ya gayyato malamin jami'a mai wannan fanni, kuma kowane yaro ya riƙo gorar ruwansa.