Gidan Kula da Tsofaffi ko Bin Gida-Gida: Wanne Za Ki Ɗauka a Ingila?

'Yar'uwa, kin ce an ƙwace lasisin kamfanin da ya tsaya miki a biza, yanzu kuma tayi biyu ne a gabanki: gidan kula da tsofaffi, da bin mutane gida-gida, na biyun ya ɗan ɗara a kuɗin awa. Allah Ya ba ki mafita. Duka biyun na yi su.

Kada kuɗin awa ya ɗauke miki hankali. A Afrilun 2025 aka kai mafi ƙarancin albashi fam 12.21 a awa, aka ce mai bizar kula da mutane kada ta gaza fam 12.82 a awa ko 25,000 a shekara. Kusan kowane kamfani a kusa da mafi ƙarancin yake tsayawa. Abin tambaya shi ne awa nawa za a ƙirga miki.

A gidan tsofaffi, yawanci awa 12 ne a wuri guda. Akwai gajiya: ɗagawa, juyawa, ƙararrawa ba ta hutawa, ga aikin dare. Amma kin san abin da zai shigo miki a ƙarshen wata, kuma idan wani ya faɗi akwai abokiyar aiki kusa.

Gida-gida kuwa, ƙarfe 7 ina ƙofar wata tsohuwa: in tashe ta, in yi mata wanka, in ba ta magani, in haɗa shayi, duk cikin rabin awa. Sai mota, sai gida na gaba. Da hantsi aiki ya tsaya cak, in zauna a mota cikin sanyi ina jiran ziyarar rana; a nan nake karin kumallona. Nakan koma gida wajen 10 na dare, amma takardar albashi ta nuna awa 8. Doka ta ce tafiya tsakanin gida da gida aiki ne idan ana lissafin mafi ƙarancin albashi, sai dai wani kamfanin zai ce ya riga ya cusa ta cikin kuɗin awa. Ga mai, ga inshorar mota ta aiki. Nan ƙarin da aka yi miki kwaɗayi da shi yake narkewa.

Ba duka laifin kamfanoni ba ne. Ƙananan hukumomi ne ke sayen yawancin wannan hidima a farashin da suka yanka, shi ya sa mai shekara biyar da sabuwar zuwa ba su da wata tazara a albashi, mutane suna ta ficewa zuwa manyan kantuna ko asibitocin gwamnati na NHS. A 2021/22 guraben aikin kula da mutane kusan 165,000 ne babu kowa a Ingila, aka buɗe bizar a Fabrairun 2022. A Maris ɗin 2024 aka hana zuwa da iyali, ranar 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Ke da kike ciki, ana neman irinki, don haka ki yi tambaya ba tare da jin nauyi ba.

Gaskiya zuciyata tana gida-gida. Akwai dattijon da nakan tarar a bakin taga yana jirana, wata rana ni kaɗai ce fuskar da zai gani. Wannan shaƙuwa ban same ta a gidan tsofaffi ba.

Duk da haka, da ni ce ke, mai biza a wuya da haya a gaba, gidan tsofaffin zan ɗauka. Sai fa idan masu gida-gidan sun rubuta miki tabbatattun awanni a kwantiragi, da kuɗin tafiya, da na mai. Ki duba sunansu a rajistar CQC, hukumar da ke sa ido kan ayyukan kula da mutane a Ingila, da jerin masu lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje. In sun nemi ko fam ɗaya don takardar tsaya miki a biza, ki juya.