Takardun koyar da Turanci na bugawa: abin da suka yi mini a aji huɗu

Abokan aiki da suka ga katunan da nake shiga aji da su suna yawan tambayata ko kuɗin da na biya ya fito. Ya fito. Sai dai abin da ya fitar da shi ƙaramin kaso ne na kayan, wato katunan hoto da wasannin da ake bugawa sau ɗaya a yi ta amfani da su. Tulin takardun cike gurbi da masu shafin intanet ɗin da na sayi kayan suka fi tallatawa, waɗanda ake raba wa kowane yaro tasa, su ne suka fi cin kuɗi kuma suka fi ƙarancin amfani a irin ajinmu.

Ina koyar da Turanci a aji huɗu na wata firamare a Zariya. Duk wanda ya san tsarin karatunmu ya san nauyin wannan aji, domin a baya manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da yaro da harshen gida a shekaru ukun farko, daga aji huɗu kuma Turanci ya zama harshen koyarwa. Yarana sun haura 70, kusan dukkansu Hausa suke yi a gida da kan layi da Islamiyya, Turancin da suke ji a yini bai wuce wanda ya fito daga bakina ba. Littafin karatu kuwa yara uku ko huɗu ke haɗuwa a kan ɗaya. Wannan ne ya sa na yi rajista a wani shafin intanet na Amurka da ke sayar da kayan koyar da masu koyon Turanci, na yi amfani da su tsawon zangon karatu guda.

Da dala ake biya, sai da ƙanina ya taimaka mini da katinsa. Saukewa ba wuya, fayilolin PDF ne marasa nauyi, ko da waya ana iya yi. Matsalar farko a shagon buga takardu ta bayyana. An tsara shafukan a kan girman takardar Amurka, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279, mu kuwa A4 muke da ita, 210 da 297. Idan aka buga kai tsaye sai gefen ya yanke, harafin ƙarshe na wasu kalmomi ya tafi. Maganin mai sauƙi ne: a ce wa mai shagon ya daidaita shafin da girman takarda kafin ya danna bugawa. Wanda bai sani ba zai yi asarar takardu kafin ya gane.

Katunan hoto su ne zuciyar kayan. Kowane jigo yana da nasa: sassan jiki, launuka, kayan aji, dabbobi, sana'o'i, ayyukan yau da kullum kamar gudu da ci da wanka. Zanen a fili yake, babu tarkace a bayansa, yaron da ke bencin ƙarshe yana iya gane abin da aka ɗaga. Hoto yana kati ɗaya, kalmarsa tana wani katin daban, kuma wannan rabuwa ita ce dabarar da na fi yabawa. Nakan raba wa layi ɗaya hotuna, ɗaya layin kalmomi, kowa ya tashi ya nemo abokin katinsa, idan sun haɗu su fito gaba su faɗi jimla guda. A da, idan na rubuta kalma a allo na ce a maimaita, ajin yakan ɗauka da murya ɗaya har makwabta su ji, amma in na nuna yaro shi kaɗai sai ya sunkuyar da kai. Amshi yana ɓoye wanda bai iya ba. Da kati a hannu babu wurin ɓuya, kuma abin mamaki yaran ba sa jin tsoronsa, don a wurinsu wasa ne. Akwai wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara, ranar da katin akuya ya faɗo hannunta ta zagaya ajin tana neman mai kalmar, da ta same shi ta ce da ƙarfi, “Malama, na samu!” sannan ta faɗi jimlarta daidai. Gani ya kori ji.

Na liƙa katunan a kan kwalin taliya da na indomi da yara suka kawo daga gida, na lulluɓe su da farin salatif mai faɗi. Sa musu leda a shago ya fi kyau, amma tsadarsa ta fi ƙarfina. Har zangon ya ƙare ba su yage ba, kuma malamar aji uku tana aro.

Na biyu a daraja shi ne wani nau'in aiki na mutum biyu, inda kowane yaro yake da rabin bayani. Ɗaya yana da hoton ɗaki da kujera da taga amma babu kyanwa, ɗayan yana da kyanwar a ƙarƙashin tebur amma babu kujera. Ba a yarda su leƙa takardar juna ba, dole sai sun yi tambaya da Turanci. A nan ne na fara jin yarana suna amfani da kalmomin wuri irin su “under” da “behind” don suna buƙatarsu, bayan na daɗe ina sa su haddacewa ba su zauna ba. Gaskiya aikin yana kawo hayaniya. An tsara shi ne don ajin da malami zai iya zagayawa ya saurari kowa, ni kuwa ba na iya ratsa tsakanin bencina. Ranar farko sai da hedimasta ya leƙo ya ce, “Malama, lafiya dai ko?” Na ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe, Turanci suke yi.” Ya tsaya ya saurara na ɗan lokaci, ya tafi. Daga baya na riƙa sa rabin aji su yi, sauran rabin su zama alƙalai masu kama duk wanda ya koma Hausa, sannan a yi musanya. Wasan bingo na kalmomi shi ma ya karɓu, don ana iya buga allo ɗaya ga kowane benci, a yi amfani da tsakuwa ko murfin kwalba wajen rufe kalmar da aka kira.

Yanzu ga inda kuɗi ke zurarewa. Mafi yawan abin da ke shafin takardun aiki ne na yaro ɗaya ɗaya: cike gurbi, haɗa hoto da kalma da layi, bin sawun harafi. Lissafin a bayyane yake. Rim ɗin takarda guda 500 ne. Yara 70, takarda ɗaya kowace rana, kwana 5, an ci 350 a mako guda, ba a yi maganar kuɗin fotokofi ba. Babu makarantar gwamnati ko ƙaramar makarantar kuɗi da na sani da za ta ɗauki wannan, iyaye kuma da ƙyar suke sayen littafin rubutu. Kuma takardar da yaro ya cike cikin minti goma ta gama aikinta, da yamma za ka gan ta an ƙunsa ƙosai. Abin da na koma yi shi ne in buga guda ɗaya, in kwafe aikin a allo, su yi a littafinsu. To in haka ne, ai da ma malami yana iya ƙirƙirar jimlolin cike gurbi da kansa. Abin da kawai na ƙaru da shi shi ne jeranta aikin daga mai sauƙi zuwa mai wuya, wanda suka iya sosai.

Launi ma haka. Shafukan suna da kyau a fuskar waya, amma mai shagon da ya gani cewa ya yi, “Hajiya, wannan zai sha tawada.” Idan aka buga baƙi da fari, wasu hotunan sukan dunƙule su zama duhu, darasin launuka kuwa ya mutu gaba ɗaya. Wasu fayilolin suna da zubi na biyu mai zanen layi kawai. Duk mai saye ya duba wannan tun kafin ya biya. Mu mun sa yara sun shafa wa na layin launi da kansu, ya zama darasi a kan darasi.

Duniyar da ke cikin takardun ba tamu ba ce, kuma ban ga laifin masu su ba, don ba mu suka yi wa ba. Darasin yanayi yana da lokuta huɗu da dusar ƙanƙara da ganye mai zuba. Yarana sun san bazara da damina da kaka da rani, sun san hazon hunturu da ke fasa leɓe. Darasin kuɗi da sulallan Amurka aka yi, sai na zana naira. Rubutun wasu kalmomi na Amurka ne, “color” a maimakon “colour” da littattafanmu ke bi, kwanan wata kuma wata ne ke riga rana. Darasin iyali shi ya fi ba ni aiki: uba da uwa da 'ya'ya biyu da kare. Yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malama, ina za a sa Goggo da Baffa?” Wata ta tambayi inda za ta sa ɗakin Umma da ɗakin Anti. Na ajiye takardar, kowa ya zana gidansu, muka bi mutanen ɗaya bayan ɗaya muna ba su suna da Turanci. Akwai kuma jigogin bukukuwa da na abinci da na tsallake gaba ɗaya, don na san abin da iyaye za su ce idan yaro ya kai su gida. Bai kamata malami ya buga komai ba sai ya karanta shi daga sama har ƙasa.

Babban giɓin da na gani yana wajen furuci, kuma a nan nake so malamai 'yan'uwana su tsaya. Kayan suna da sashen sautuka, tsarinsa ya yi kama da na Jolly Phonics da malamai da yawa a Najeriya suka samu horo a kai, mai sautuka 42 da ke farawa da s, a, t, i, p, n. Amma an yi shi ne don kowa da kowa, bai san inda harshen Bahaushe ke tuntuɓe ba. Yaronmu yana haɗa “p” da “f”, don haka “pan” da “fan” abu ɗaya ne a kunnensa. Yana mayar da “v” ta zama “b”. Sautin “th” babu shi a Hausa. Baƙaƙe biyu ko uku a jere a farkon kalma ba tsarin harshenmu ba ne, shi ya sa yake cusa wasali a tsakani ya ce “sukul” a maimakon “school”. Sannan ga wanda ba kowa ke lura da shi ba: yaron da ya iya karatun Hausar boko ya san harafin “c” da sautin da ke cikin “ciki” da “cokali”, to in ya ga “cat” da wannan sautin zai karanta. Iliminsa ne ya kai shi, bai kamata a doke shi a kai ba, bayani yake buƙata. Ban sami takarda ko ɗaya da ta taɓo waɗannan ba. Ni na zauna na tsamo hotuna daga jigogi daban daban na haɗa nawa katunan bibbiyu, na riƙa sa yara su riƙe guntun takarda a gaban baki su ga yadda iskar “p” ke kaɗa ta. Wannan sashen da na haɗa da hannuna shi ne ya fi canza karatunsu, duk da cewa hotunan na shafin ne.

Game da mataki, an jera kayan bisa ma'aunin Turai na iya harshe, daga A1 zuwa C2. Kada shekarun yaro su ruɗe ka. Takardun da aka rubuta wa 'yan shekara tara sun fi ƙarfin yawancin ajina, sai da na sauko matakin farko. Can kuma hotunan na 'yan nazare ne, manyan yaran suka ji an raina su. Jerin kalmomi 220 na Dolch, waɗanda suka fi yawan fitowa a karatun yara, ya taimaka wajen cike wannan tazara, don babu hoto a cikinsa, kalmomi ne zalla. Haka kuma kayan ba su bi manhajar NERDC ba, wato hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya, malami ne zai zauna da jadawalin zangonsa ya nemo abin da ya dace da kowane mako.

Gajerun labaran karatu ban daɗe da su ba. Na sami waɗanda suka fi dacewa kyauta a African Storybook, shirin da ya fito daga Afirka ta Kudu, inda ake samun labarai da Turanci da kuma Hausa, da hotunan yara masu kama da namu, kuma an yarda a sauke a buga. Shafin LearnEnglish Kids na British Council shi ma yana da katuna da takardun aiki kyauta, da rubutun Ingila. Wanda aljihunsa bai kai ba ya fara da waɗannan biyun, zai yi nisa kafin ya buƙaci biyan ko sisi.

Wanda nake ganin rajistar za ta fi yi wa amfani shi ne mai koyar da yara kaɗan a gida ko a darasin yamma, ko makarantar da ke da firinta tata. Malamin babban aji irina kuwa, wata ɗaya ya ishe shi, in ya shiga da jerin jigogin da yake so a hannu, ya kuma karanta sharuɗɗan shafin a kan abin da aka yarda ya ci gaba da amfani da shi bayan rajista ta ƙare. Ni ban sabunta tawa ba. Kuɗin na sayi kwali da salatif da almakashi guda shida, mun kuma yi magana da malaman aji uku da aji biyar za mu haɗa akwatin katuna ɗaya a ofishin hedimasta, duk mai darasi ya ɗauka ya sa hannu ya mayar.